Wasan Iyali a Akwatin Talabijin: Ya Isa Shiga Tarihi Kuwa?

A shekarar 1967 gidan talabijin na BBC da ke Landan ya fara nuna wani shiri mai suna Ask the Family, wato a tambayi iyali. Babu wani abin al'ajabi a tsarinsa. Akan zaunar da iyalai biyu, kowane da mutum huɗu: uba da uwa da 'ya'ya biyu da suka fara tasawa. Mai gabatarwa, wani ɗan jarida mai kaifin harshe da ake kira Robert Robinson, yakan yi ta jefa musu tambayoyi, wasu na sanin duniya, wasu na lissafi da wasa ƙwaƙwalwa. Wani lokaci a nuna hoton wani kayan cikin gida da aka ɗauka kusa-kusa har kamanninsa suka ɓace, a ce su faɗi ko mene ne. Yakan keɓe tambaya ya ce wannan ta uba ce da babban ɗa kaɗai, waccan ta uwa da ƙaramin, wata kuma ta yara zalla. Iyalin da suka fi maki su wuce zagaye na gaba, a bi da haka har a kai ga gasar ƙarshe. Haka aka yi ta yi har 1984, shekara 17 ke nan.

Ba wanda ya yi arziki da shirin, ba a kama kowa da maguɗi ba, bai kuma sauya siyasar Birtaniya da ko taku ɗaya ba. Iyalai sun zo, sun amsa, sun koma gidajensu. Shi ya sa ya dace da tambayar da masu tsara kundin sani da masu kula da ma'ajiyar tarihi suka daɗe suna ja-in-ja a kanta: shiri irin wannan, tsoho, na nishaɗin maraice, ya kai matsayin da za a keɓe masa shafi, a bi diddigin shekarunsa, a adana faifansa? Ko kuwa abin ɓata tawada ne?

Da a kan ɗan'uwansa The Generation Game ake magana, da gardamar ba ta yi nisa ba. Wannan an fara shi a 1971 a hannun Bruce Forsyth, an kwaikwayo shi daga wani shirin ƙasar Holan, kuma a 1979, lokacin da yajin aiki ya rufe tashar ITV tsawon makonni, masu kallonsa sun kai wajen miliyan 25. Adadi irin wannan shi yake yi wa kansa shaida. Ask the Family kuwa bai taɓa zama abin da gari ke tsayawa dominsa ba. Yana nan ne a tsaka-tsaki, bai yi shuhurar da za ta rufe bakin mai musu ba, bai kuma yi ƙanƙantar da za a manta da shi gaba ɗaya ba. A irin wannan wuri ne ake gane ko ma'aunin da ake awo da shi na gaskiya ne.

Masu cewa bai isa ba suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa kewar ƙuruciya daban, tarihi daban. Kowa yana da shirin da ya kalla yana zaune a gefen mahaifiyarsa, kuma daɗin wannan tunani ba ya mayar da shirin abu mai muhimmanci. Hausawa ma sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Suna ƙarawa da cewa duk abin da za a rubuta dole ya jingina da madogara: littafi, ko sharhin jarida mai zurfi, ko binciken masana, waɗanda ba su da alaƙa da masu shirin. In babu waɗannan, me za a rubuta in ban da "na tuna" da "an ce"? Wannan gaskiya ce. Rubutun da ba shi da tushe, ko da niyyar mai shi kyakkyawa ce, yakan zama ƙofar shigar ƙarya, domin bayan shekara 50 tunanin mutum yakan haɗa shiri biyu ya mayar da su ɗaya, ya sa wa mai gabatarwa maganar da bai taɓa faɗa ba.

Sai dai akwai wata matsala a cikin ma'aunin kansa. In aka ce abu bai cancanta ba sai manyan jaridu sun yi dogon rubutu a kansa, to an miƙa hukuncin ke nan ga masu sharhin wancan zamani, su da abin da suke so da abin da suke ƙyama. Su kuwa wasan kwaikwayo mai nauyi da shirin siyasa suke ɗauka da daraja. Shirin gasa a wurinsu cikon lokaci ne tsakanin labarai da abincin dare. Dubi Amurka: gasar talabijin ta shiga littattafan tarihi sosai ne saboda abin kunya, lokacin da aka gano ana ba wasu 'yan takara amsa a ɓoye a shirin Twenty-One, har Charles Van Doren ya amsa laifinsa a gaban kwamitin majalisar dokoki a 1959, aka kuma yi dokar hana irin wannan maguɗi a 1960. Shirin da ya yi ha'inci ya sami littattafai har da fim, wanda ya yi shekara da shekaru yana aikinsa lami lafiya kuwa bai bar sawu a jarida ba. Ma'aunin da ke ba da irin wannan sakamako hayaniya yake aunawa, kuma hayaniya ba ita ce muhimmanci ba.

To me ke cikin Ask the Family da mai tarihi zai ɗauka? Abu na farko yana cikin kujerun nan huɗu. Kafin a yi tambaya ko ɗaya, shirin ya riga ya yanke hukunci a kan abin da ake kira iyali: miji ɗaya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu, duka a ƙarƙashin rufi guda. Mai karatu ya gwada ɗauko wannan ƙa'ida ya kawo ta gidansu ya ga inda za ta tsaya. Wace uwar za ta zauna, uwargida ko amarya? Ɗan riƙon da ya girma a gidan tun yana goye, yana cikin lissafi? Kaka fa, wadda ta fi kowa sanin amsar kacici-kacici? Ko a Ingila ma tsarin bai game kowa ba, kuma yana ta raguwa a daidai shekarun da shirin ke gudana. A 1969 aka yi dokar da ta sauƙaƙa rabuwar aure a Ingila da Wales, ta fara aiki a 1971, adadin sakin aure ya yi tsalle, gidajen da uwa ko uba kaɗai ke riƙe da yara suka ƙaru. Shirin ya ci gaba da jera mutum huɗu-huɗu kamar babu abin da ya faru. Wanda ke son sanin siffar iyalin da babbar kafar watsa labaran ƙasar ta riƙa nuna wa jama'a a matsayin abin koyi, da tsawon lokacin da ta yi tana riƙe da wannan siffa bayan rayuwa ta wuce ta, ga shaida nan mako-mako har shekara 17.

Sannan akwai batun su waye ke zuwa. Shirin ya yi suna da iyalan 'yan boko masu rufin asiri, irin gidajen da akwai kabad ɗin littattafai a falo, yara kuma suna makarantar da ake shiga da jarrabawa. Mutanen zamanin sun lura da haka, har shirin barkwanci na Not the Nine O'Clock News ya yi masa shaguɓe da wani ɗan wasa inda iyalan biyu kusan kowa a cikinsu sana'arsa ƙididdige kayan gini da kuɗinsa. Ba a yi wa abu shaguɓe sai an tabbata masu kallo za su gane shi nan take, don haka wannan dariya ita kanta madogara ce, ko da ba irin wadda masu neman sharhin jarida ke so ba. Tambayoyin ma haka suke. Abin da aka ɗauka cewa yaro ɗan shekara 14 daga gidan kirki ya kamata ya sani, na sarakuna da koguna da marubuta, jerin abin da wata al'umma ta kira ilmi ne a wani lokaci, kuma abin da ba a taɓa tambaya ba yana faɗin magana daidai da abin da aka tambaya.

Wani ɗan abu da nake jin daɗin ambatonsa shi ne kiɗan buɗe shirin a shekarunsa na farko. An ɗauko shi ne daga aikin haɗin gwiwar John Mayer, haifaffen Kalkata, da Joe Harriott, mabushin jaz haifaffen Jamaika, kiɗa ne mai amon tsirkiyar Indiya wanda duk mai kallon finafinan Indiya zai ji kamar ya san shi. Wato shirin da ya fi kowane kama da tsohuwar Ingila ta fararen fata masu matsakaicin hali, da kiɗan baƙi biyu daga tsofaffin ƙasashen mulkin mallaka yake sallama. Babu mai sharhin da ya shirya wannan don ya koyar da darasi. Haka kawai ya faru, kuma irin waɗannan abubuwa da ba a shirya ba su ne ribar mai tono.

Abu mafi daraja kuwa, a ganina, shi ne mutanen da kansu. A shekarun 1960 da 1970 tashoshin talabijin ba su wuce uku ba a Birtaniya, ta huɗu sai a 1982 ta zo, kuma waɗanda ke fitowa a cikinsu 'yan wasa ne da 'yan siyasa da masu karanta labarai, kowa da maganar da aka rubuta masa ko ya shirya. Shirin gasa na cikin 'yan wuraren da mutum gama-gari ke bayyana da tufafinsa da karin harshensa, ba tare da an sa masa magana a baki ba. Yadda uba ke kallon ɗansa in ya kuskure, yadda uwa ke jinkirtawa ta bar miji ya fara ko ta riga shi, yadda 'ya mace ke gyara wa mahaifinta amsa a gaban duniya: babu takardar ƙidayar jama'a da za ta nuna wannan. Gani ya kori ji.

Amma a nan ne labarin ya yi ɗaci, domin tambayar ko ya cancanta an riga an amsa ta sau ɗaya, kuma ba da alƙalami aka amsa ba. Zaren bidiyon da gidajen talabijin ke aiki da shi a lokacin, mai faɗin inci biyu, wanda kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956, yana da tsada ƙwarai, ga cin wuri. Yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita yawan maimaita shiri, babu kuma bidiyon gida balle a yi tunanin sayar wa jama'a. Da launi ya shigo BBC1 a 1969, tsofaffin shirye-shirye marasa launi suka ƙara zama kaya marasa kasuwa. Saboda haka in an nuna shiri an gama, sai a shafe zaren a ɗauki wani a kai. Ba mugunta ba ce, tsimi ne, kuma waɗanda suka yi ma'aikata ne masu bin ƙa'idar ofis. Sai a 1978 BBC ta sauya hanya ta kafa tsarin adanawa na sosai. Kafin nan an yi asarar da ba ta misaltuwa, shirye-shiryen gasa da na hira kuwa suna cikin waɗanda abin ya fi ci, domin su ne ake ganin ba mai sake nema. Kaso mai yawa na shekarun farko na Ask the Family ya bi wannan hanya. A Amurka ma haka aka yi: ainihin Jeopardy! na Art Fleming, wanda ya gudana daga 1964 zuwa 1975, 'yan kaɗan ne suka tsira daga cikin dubban fitowarsa.

Wasu abubuwan da aka shafe sun dawo, kuma hanyar dawowarsu ta biyo ta kusa da mu. A wancan zamani BBC takan kwafe wasannin kwaikwayonta a kan fim ta sayar wa tashoshin ƙasashen waje, gwangwanayen su yi ta yawo daga wannan tasha zuwa waccan. A 2013 aka ba da sanarwar cewa wani mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi 9 na wasan Doctor Who da aka fid da rai da su, suna jibge a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Abin da Landan ta zubar, ƙurar Filato ta riƙe shi shekara da shekaru. To amma a lura da dalilin tsirarsu: an sayar da su waje ne. Shirin tambayoyi kuwa ba kasafai yake ƙetare teku ba, domin wa zai sayi gasar da tambayoyinta duka a kan sarakunan Ingila da garuruwanta suke? Abin da ake saya a irin wannan shiri tsarinsa ne, kowace ƙasa ta zuba nata mutanen, kamar yadda Family Feud na Amurka, wanda aka fara a 1976, ya zo Gana da iyalan Gana a 2020. Don haka wasan kwaikwayo yana da 'yan'uwa a warwatse da za a iya tarar da su wata rana, shirin gasa kuwa sau da yawa kwafi ɗaya gare shi, in an shafe shi an shafe ke nan.

Wannan shi ne abin da ke sa ni karkata. Kuskuren da ake yi wajen adana abin da bai kai ba, kuskure ne mai araha: an ɓata shafi, an cika kanta, wani ya zo daga baya ya rage. Kuskuren zubar da abin da ya kai kuwa ba shi da gyara. Tun 1993 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya take gudanar da gangamin neman shirye-shiryen da suka ɓata, ana roƙon tsofaffin ma'aikata da masu tara kaya su duba ɗakunan ajiyarsu. Bob Monkhouse, wanda shi kansa ya gabatar da Family Fortunes daga 1980, ya yi shekaru yana naɗar shirye-shirye a gidansa, bayan rasuwarsa a 2003 aka tarar da abubuwa a tarinsa waɗanda gidajen talabijin ɗin da suka yi su ba su da su. Hukumomi na kashe kuɗi da lokaci yau suna neman abin da magabatansu suka shafe don tsimin zare ɗaya.

Mu ma mun san irin wannan raini a gida. Tatsuniya da kacici-kacici ai wasan iyali ne na dare, na mata da yara, abin da malami mai daraja ba zai ɓata tawadarsa a kai ba, ga tarihin sarakuna da fiƙihu suna jira. Amma a farkon ƙarni na 20, a ƙasar da ake kira Gana yau, wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya zauna ya rubuta tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami, R. S. Rattray ya fassara aka buga a 1913. Yau duk mai son jin yadda Hausar wancan zamani take a bakin mutane, wajen irin waɗannan rubuce-rubuce yake komawa, kuma Gizo da Ƙoƙi sun fi wasu jerin sunayen sarakuna gaya masa yadda ake zaman gida.

Ban ce kowane shiri da aka taɓa haskawa sai an gina masa hasumiya ba. Shirin da aka yi mako shida aka watsar, wanda bai bar komai ba sai suna a jadawali, layi biyu a cikin babin gidan talabijin ɗin da ya yi shi sun ishe shi, kuma ba a zalunce shi ba. Inda masu musu ke kuskure shi ne haɗa rubutawa da yabo, kamar keɓe wa abu shafi lambar girma ce da sai gwani ake ba. Mai tarihi yana rubuta farashin hatsi da dokar kasuwa ba don sun burge shi ba. Haka kuma rashin sharhin manyan jaridu ba ya nufin rashin madogara. Mujallar Radio Times ta buga jadawalin kowane mako, kuma BBC ta zuba jadawalin 1923 zuwa 2009 a intanet tun 2014, kowa na iya bin ranakun shirin ɗaya bayan ɗaya. Takardun cikin gida na hukumar, da wasiƙu da rahotannin jin ra'ayin masu kallo, suna ma'ajiyarta da ke Caversham kusa da Reading. Ƙananan jaridun garuruwa kuwa ba sa barin labarin iyalin garinsu da suka fito a talabijin ya wuce su. Aikin yana da wahala, amma wahalar tono ba hujjar cewa babu ruwa a rijiya ba ce.

Ask the Family ya cika duk abin da mai adalci zai nema. Ya daɗe, an san shi har an yi masa shaguɓe, an kuma yi ƙoƙarin tayar da shi sau biyu, a 1999 da Alan Titchmarsh, sannan a 2005 da 'yan barkwancin yara Dick da Dom, wanda bai yi armashi ba, domin an mayar da shi wasan hayaniya, natsuwar da aka san shi da ita ta tafi. Ko wannan faɗuwar abin rubutawa ce, tana nuna nisan da ɗanɗanon masu kallo ya yi cikin shekara 20.

Robert Robinson ya rasu a 2011. Iyayen da suka zauna a kujerun nan a shekarun farko, mafi yawansu sun bi shi. Yaran kuwa, waɗanda aka riƙa kira babban ɗa da ƙaramin ɗa, wanda ya fito yana ɗan shekara 14 a 1970 yau ya kai 70 ko yana dab da ita. A gidajen wasunsu akwai hoton da aka ɗauka a ɗakin shirin, da wasiƙar gayyata, da guntun jaridar garinsu da uwa ta yanke ta ajiye. Ga fitowar da aka shafe zarenta, waɗannan takardu da abin da ya rage a kan tsofaffin nan su ne kaɗai shaidar abin da aka tambaya a wannan maraice da wanda ya amsa.